WA YAKE RIƘE DA WATA?

  

Ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai wata tambaya da take yawo a majalisunmu na Dantchiao da ƙauyukan da ke kewaye, daga Magarya har Dungas, kuma ta fi tasowa idan an yi husufi ko an shiga duban watan azumi. Yaro ya dawo daga lakwal, ya ce malaminsu ya koya masu cewa abin da ya hana wata faɗowa shi ne gudunsa da kuma jan da ƙasa take yi masa. Uba ya ji, ransa ya ɓaci, ya ce: Allah ne yake riƙe da wata, kada ka sake kawo mini wannan magana cikin gida. Daga nan ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai a cire yaron daga karatu don a tsare masa imaninsa, ko kuwa yaron ya yi shiru, ya ci gaba da karatunsa, amma ya ƙudurta a zuciya cewa addinin ubansa ba ya jure tambaya. Na biyun ya fi na farkon muni, domin ba a ganin illarsa sai bayan shekaru, ranar da aka duba sahu aka rasa shi.

To, wa ke da gaskiya tsakanin uban da ɗan? Ba za mu iya hukunci ba sai mun fahimci abin da aka koya wa yaron, gama malamanmu sun hana a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Saboda haka ku yi haƙuri da mu, mu fara da bayanin abin.

Kowa ya san duk abin da aka saki daga hannu ƙasa yake nufa. Wannan shi ne jan ƙasa, wanda littattafan Larabci suke kira jazibiyya. Masu awo sun auna, sun tarar dutsen da aka saki daga bisa yana faɗuwa kimanin mita 5 a sakan na farko. Idan kuma maimakon a sake shi aka jefa shi gaba, faɗuwar nan ba ta canzawa: yana tafiya gaba yana kuma sauka, har ya taɓa ƙasa. Ƙarfin jifa ba ya hana saukar, nisan wurin da zai sauka kawai yake ƙarawa. Yanzu sai mu tuna cewa ƙasa ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ba ce mai iyaka, dunƙulalliya ce, kuma malaman Musulunci irin su Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, sun faɗi haka tun kafin Turawa su kewaye ta da jirgin ruwa. Girmanta ne ya sa ba mu ganin lanƙwasarta. Amma lanƙwasar tana nan: a cikin kowace tafiyar kilomita 8, doron ƙasa yana karkata ƙasa da kimanin mita 5.

Ku haɗa awon nan biyu, ku ga abin da zai fito. Da za a sami mai jifa da zai wurga dutse da gudun kilomita 8 a sakan guda, a wurin da babu iska kuma babu tudun da zai tare shi, to, a sakan na farko dutsen zai sauka mita 5, ita kuma ƙasa ta janye masa da mita 5. A sakan na biyu haka, a na uku haka. Yana faɗuwa, amma ba ya iske ƙasa, har ya kewaye ta ya dawo inda ya tashi. Wannan da'ira da yake bi ita ce falakinsa. Watau abin da ke kewaya ƙasa bai kuɓuta daga janta ba, kullum cikin faɗuwa yake, sai dai gudunsa yana sa shi kuskure ta. Gudun nan kuwa ba na wasa ba ne: tafiyar da mota take yi daga Magarya zuwa Damagaram, shi a cikin sakan 12 zai gama ta.

Yaranmu masu korar tsuntsaye daga gero sun san rabin wannan ilmi ba tare da an koya masu ba. Mai majajjawa yana juya dutse a bisa kansa, igiya tana jawo dutsen zuwa hannu, dutsen kuwa yana neman wucewa gaba. Muddin igiya na riƙe, da'ira yake yi, da an saki baki ɗaya sai ya miƙe ya tafi. A sararin sama jan ƙasa ne yake aikin igiya. Da zai yanke, wata ba faɗowa zai yi ba, miƙewa zai yi ya tafi ba dawowa. Da kuma gudun watan ne zai tsaya, a nan ne zai faɗo.

Mai hankali zai ce: to, me ya sa gudun ba ya ƙarewa? Mun saba ganin amalanke yana tsayawa da zarar sa ya tsaya. Amsa ita ce abin da ke tsayar da amalanke rairayi ne da gugar ƙafa da iska. Inda babu waɗannan, abin da aka tura ba shi da mai rage masa tafiya. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya kai ga wannan da tunani, ya ce karkatar da mai jifa yake bai wa abin jifa ba ta ƙarewa da kanta, abin da yake karo da ita ne yake cinye ta. Can inda wata yake babu iska, saboda haka ba ya bukatar mai ingiza shi kowace safiya.

Baturen Ingila Ishaku Niyuton ne ya tattara wannan bayani da lissafi a littafin da ya fitar a 1687, kuma hujjarsa a kan wata abar a tsaya a kai ce. Nisan wata daga gare mu kimanin kilomita 384,000 ne, watau ninki 60 na tazarar da ke tsakaninmu da tsakiyar ƙasa. Ya ce idan jan ƙasa yana raguwa da nisa bisa ƙa'idar da ya kafa, a ninki 60 zai ragu sau 60 cikin 60, watau sau 3,600. A raba mita 5 gida 3,600, a sami milimita ɗaya da ɗan ɗori, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Sa'an nan aka auna tafiyar wata, wanda ke gudun kimanin kilomita guda a sakan, aka tarar lalle gwargwadon nan yake karkatowa zuwa ƙasa a kowane sakan. Abin da ke kayar da ƴar kanya daga reshe, shi ne yake lanƙwasa hanyar wata. Haka kuma ita ƙasar take da rana, tana kewaya ta da gudun kimanin kilomita 30 a sakan, shekara guda kewaye guda.

Ba sai mun yarda da wannan don Bature ya faɗa ba, gama shaidarsa tana bisa rufin ɗakunanmu. Ku dubi farantin parabol na gidajen kallo da na masu hali. Sau ɗaya ake saita shi, a ɗaure, ya shekara bai motsa ba, hoto kuwa bai yanke ba. Dalili shi ne duk yadda abu ya ƙara nisa, jan ƙasa yana raguwa a kansa, gudun da yake bukata ya ragu, kewayensa ya ƙara daɗewa. A tsawon kilomita 400 kewaye ɗaya awa ɗaya da rabi ne. A nisan wata kwana 27 ne da ƴan awoyi. Tsakanin biyun akwai wani nisa, kimanin kilomita 36,000, inda kewaye ɗaya yake daidai da juyin ƙasa ɗaya. Tauraron ɗan Adam da aka ajiye a can, saitin tsakiyar duniya, yana tafiya tare da mu, sai mu gan shi kamar an kafe shi. Mu kuwa arewa da tsakiyar duniya muke, shi ya sa ba za ku ga farantin da ya fuskanci arewa ba. Duka sun karkata kudu, wasu kudu maso gabas, wasu kudu maso yamma. Da lissafin ƙarya ne, da babu wanda ya kalli sallar Tarawihi ta Harami daga Dantchiao.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Lokacin da Ba'amurke John Glenn ya kewaye duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairu 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da suka riƙa bin sawunsa a Kano take. A watan Agusta na 1963 kuma, Shugaba Kennedy na Amurka ya yi magana ta tarho da Firayim Ministan Nijeriya Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka gana ta wannan hanya. Hotunan hadari da cibiyar Agrhymet ta Yamai take dubawa don sanin halin damina, daga irin waɗannan taurari suke saukowa.

Sai dai abin da ɗan Adam ya ɗora ba ya dawwama. Sputnik, tauraron farko, wanda Rasha ta harba a 4 ga Oktoba 1957, wata uku ya yi ya faɗo ya ƙone, domin a ƙananan falakai akwai ragowar iska ƴar kaɗan da take cin gudu sannu a hankali. Tashar sararin samaniya da mutane suke zaune cikinta tun shekarar 2000, wadda tsawonta daga ƙasa bai kai nisan Damagaram zuwa Agadas ba, tana kewaye duniya kusan sau 16 a kwana, kuma lokaci lokaci sai an kunna mata inji an ɗaga ta, in ba haka ba ta sauko. Mutanen da muke gani suna shawagi a cikinta, ba don jan ƙasa ya ƙare a can ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana nan. Su da ɗakinsu ne suke faɗuwa tare, shi ya sa babu mai danna wani.

Wannan shi ne abin da aka koya wa yaro, kuma gaskiya ne. Yanzu mu koma ga uba. Shi ma ba daga kansa ya ɗauko maganarsa ba. Aya ta 41 cikin Suratu Faɗir ta danganta riƙon sammai da ƙasa ga Allah Shi kaɗai, haka nan aya ta 65 cikin Suratul Hajji. Wanda ya musanta wannan ya fita daga addini. Tambayar ita ce: sanin sababi yana kore Mai sababi?

Alƙur'ani da kansa ya rufe wannan ƙofa, a wurin da da yawanmu muke karantawa mu wuce. A Suratul Mulk aya ta 19, da Suratun Nahl aya ta 79, Allah Ya ja hankalinmu ga tsuntsaye a cikin iska, Ya danganta riƙonsu gare Shi da irin lafazin da Ya yi amfani da shi ga sammai. Alhali kuwa a Suratul Mulk, a cikin ayar nan guda, Ya ambaci buɗe fikafikansu da naɗe su. Babu Balaraben jeji da bai san shirwa da fiffike take tashi ba, kuma idan aka karya fiffiken faɗowa za ta yi. Ga sababi a fili, an ma ambace shi, amma ambatonsa bai rage komi daga riƙon Allah ba. To, idan ganin fiffike bai sa wani ya kafirta ba, don me sanin jan ƙasa zai sa? Bambancin kawai shi ne fiffike ido ke ganinsa, jan ƙasa kuwa lissafi ke ganinsa.

Waɗanda suka yi karatun tauhidi a zaure sun san wannan babi. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahini, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗin da muke gani tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, wuƙa da yanka. Ya koyar da cewa haɗin yana nan, ana aiki da shi, amma Allah ne yake halittar sakamakon, kuma da Ya so da Ya raba su, kamar yadda wuta ta ƙi cin Annabi Ibrahim (A.S.). Wasu malaman, irin su Ibnu Rushdi da Ibnu Taimiyya, kowa ta hanyarsa, sun ce a'a, Allah Ya sanya ƙarfi na gaske cikin sababin, da shi sakamakon yake aukuwa. Wannan saɓani tsoho ne, kuma ba mu ga amfanin a tayar da shi a bakin masallaci a raba jama'a ba. Abin da ya shafe mu shi ne inda suka haɗu: babu ɗayansu da ya ce sababi yana tsaye da kansa, kuma babu ɗayansu da ya ce a musanta wuta tana ƙuna. Jan ƙasa da gudun wata suna cikin wannan babi, ba su fi wuta da wuƙa ba.

A nan ne muke ganin kuskuren da ya fi haɗari, kuma masu ibada sun fi faɗa masa. Shi ne mutum ya ajiye Ubangijinsa a wurin da saninsa ya ƙare: abin da ya gane dalilinsa ya ce ɗabi'a ce, abin da bai gane ba ya ce ikon Allah ne. Mai irin wannan imani, duk ranar da ilmi ya ƙaru, imaninsa ya ragu da gwargwadon haka, kamar gonar da rairayi ke ci ta gefe. Niyuton kansa, duk da ya yarda da Mahalicci, ya taɓa wannan tarko. Ya lura taurari masu kewaya rana suna jan juna, ya ji tsoron tsarin zai karkace da daɗewa, sai ya ce lalle Mahalicci Yakan gyara shi lokaci lokaci. Bayan kimanin shekara 80 sai Bafaranshe Laplace ya nuna da lissafi cewa karkacewar da ake gani tsakanin Mushtari da Zuhal tana zuwa ne tana komawa da kanta cikin kusan shekara 900. Waɗanda suka rataya imaninsu a wancan gyara sai suka ga igiyarsu ta tsinke. Musulmi ba ya cewa Allah Yana shiga ne idan tsari ya lalace. Tsarin da kansa, a kowane sakan da yake tafiya daidai, aikinSa ne.

Kuma ya kamata ɗan lakwal ya san iyakar abin da ke hannunsa. Lissafin yana faɗin yadda jan yake aiki, da gwargwadonsa, ba ya faɗin abin da ya wajabta shi. Niyuton ya bayyana a bugu na biyu na littafinsa, a 1713, cewa bai gano musabbabin jan ba, kuma ya ƙi yin ƙirƙira a kai. A 1915 Einstein ya zo da bayanin da ya fi zurfi, ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci ne a kewayensa, wata kuwa yana bin hanyar da ta fi miƙewa a cikin sararin da ya lanƙwashe. An gwada, an tarar ya fi na farko daidai. Amma tambayar ta matsa gaba ne kawai: me ya sa nauyi yake lanƙwasa sarari, da wannan gwargwado, jiya da yau da gobe? Hankali ba ya ganin wani abu da zai hana a ce akasin haka ne ya kasance. Abin da zai yiwu ya zama haka ko ya zama akasinsa, yana bukatar wanda ya zaɓa masa ɗaya, kuma wannan hujja ce da ɗaliban Sanusi suke haddacewa tun suna yara.

Don haka ne ma ba mu goyon bayan masu wa'azin da suke gaggawar cewa aya ta 2 cikin Suratur Ra'ad, mai maganar ɗaukaka sammai da ginshiƙai, jan ƙasa take nufi. Malaman tafsiri tun farko sun yi mata fassara biyu: ko babu ginshiƙan sam, ko akwai amma ba a ganinsu. Mu bar ta da faɗinta. Wanda ya ɗaure aya da bayanin Niyuton, da wane baki zai yi magana bayan Einstein? Ya ishe mu cewa Suratu Yasin da Suratul Anbiya sun siffanta rana da wata da iyo a cikin falaki, an kuma ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa ya kwatanta falakin da gululun mazari, abin da kakanninmu mata suke kaɗi da shi, Suratur Rahman da Suratu Yunus kuma sun danganta tafiyarsu da lissafi. Littafin da ya ce da lissafi suke tafiya bai hana a yi lissafin ba.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ne ya fi kowa tsananta wa masu falsafa, amma a gabatarwar littafin da ya yi don rushe su sai ya keɓe maganar husufi. Ya ce bayaninsu a kai, cewa ƙasa ce take shiga tsakanin rana da wata, ko wata ya shiga tsakaninmu da rana, hujjojin lissafi ne suka tsayar da shi, kuma wanda ya yi jayayya da shi da sunan addini, addinin ya cuta, domin mai lissafin da ya san lokacin husufi tun kafin ya zo ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Shekara 900 ke nan, kamar da mu yake. Ibnush Shaɗir kuwa, wanda ya rasu a 1375, ma'aikacin masallaci ne, mai tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, kuma zanen da ya yi na tafiyar wata shi ne aka sake gani a littafin Kofanikas na 1543.

Manyanmu suna tune da safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen Safar na 1427, lokacin da inuwar wata ta taso daga teku ta ratsa Gana, ta bi ta Katsina da Maraɗi da ƙasar Damagaram ta nufi Libiya, hantsi ya koma kamar magariba. An sanar da ranar da sa'ar tun da daɗewa, kuma ba ta saɓa ba. Sanarwar ta hana tsoro? Ba ta hana ba, kuma bai kamata ta hana ba. Mai ciki ta san watan haihuwarta, sanin bai ɗauke mata naƙuda ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Manzo ya gyara masu, ya umarce su da salla da addu'a. Abin da ya kore shi ne camfi. Mu kuwa har yau idan wata ya yi duhu sai yara su fita da gwangwani suna bugu, wai rana ta kama wata sai an roƙe ta ta sake shi, alhali a wannan dare rana tana can ɗaya gefen, ƙasarmu ce ta shiga tsakani. Abin mamaki, uban da ya kori ɗansa don ya ce jan ƙasa, bai hana ƙanensa bugun gwangwani ba, ga kuma Risala a ɗakinsa ta faɗi yadda ake sallar husufin rana cikin jam'i da ta wata ɗaiɗaiku. Masu lissafi sun riga sun faɗi cewa a 2 ga Agusta 2027 inuwar wata za ta bi ta Masar ta rufe Jidda da Makka.

Akwai iyaka, kuma hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa ya shata ta: bayan ruwan da aka yi da dare, Manzo (S.A.W.) ya raba tsakanin wanda ya danganta ruwan ga falalar Allah da wanda ya danganta shi ga tauraro. Manomin da ya dubi Kaza da ƴaƴanta don ya san inda shekara ta kai, alama ya karanta. Mai duban da ya ce tauraron wane ya hana auren wance, wannan ya ba halitta abin da ba nata ba. Ilmin falaki dabam, duba dabam, ko da yake a bakin jama'a an cakuɗa su, har ƙyamar na biyu ta shafi na farko.

Inda wannan magana ta fi taɓa mu shi ne duban wata. Mazhabarmu ta Malikiyya a kan gani take, ba a ɗaukar azumi ko ajiye shi da lissafi, kuma Imam Ƙarafi ya bayyana dalili: shari'a ta rataya salla da shigar lokaci, ta kowace hanya aka san shi, amma ta rataya azumi da ganin jinjirin wata. A kan haka muke, kuma sanarwa ta hukuma ce da majalisar malamai, ba ta kowane liman da masallacinsa ba. Sai dai gani shaida ne, shaida kuwa ana tantance ta. Imam Subki na Shafi'iyya, wanda ya rasu a 1355, ya ce idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, to, a ɗauka mai shaida ya yi kuskure ne, ko da adali ne, gama ido yakan ruɗu. A ranar 8 ga Afrilu 2024, 29 ga Ramadan 1445, duniya ta kalli husufin rana a Amurka. Husufin rana ba ya aukuwa sai a lokacin da wata ya iske rana, wannan haɗuwa kuwa ta zo ne da ƙarfe 7 da minti 21 na yamma a agogon Nijar, bayan rana ta faɗi a ƙasar Damagaram da kusan minti 45. A magaribar wannan rana ba a haifi sabon wata ba tukuna. Ba a kuma taɓa tabbatar da ganin ido ga jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, domin wata yana nisantar rana da kimanin daraja 12 ne a kwana, kuma sai ya ba ta daraja 7 ko fiye kafin haskensa ya isa a gani.

Saboda haka wanda ya zo da shaida ba a wulakanta shi, amma a tambaye shi kamar yadda alƙalan da suke yi: da ƙarfe nawa, bayan faɗuwar rana da minti nawa, dama da inda ta faɗi ko hagu, tsawonsa daga ƙasa kamu nawa, ƙahonninsa ina suka fuskanta? Gefen wata mai haske kullum rana yake kallo, don daga gare ta yake aro. Wanda ya siffanta jinjiri da bayansa sama, ƙahonni ƙasa, bayan rana ta faɗi, gajimare ya gani ko sawun jirgi.

Haka nan maganar da mukan ji a daren biyu ga neman wata, idan ya fito da kauri: wannan ai na kwana biyu ne, an ci mana rana. An faɗi irinta a gaban Ibnu Abbas (R.A.), kamar yadda ya zo cikin Sahihu Muslim, ya mayar da su ga daren da suka gan shi. Lissafi ma abin da ya ce ke nan. Watan da aka haifa da asuba, a magaribar ranar awa 12 gare shi, ba zai ganu ba. A magariba ta gaba ya kai awa 36, ya yi kauri, ya daɗe bai faɗi ba, alhali darensa na farko ne. Ga shi kuma falakinsa ba cikakkiyar da'ira ba ce, ya fi kama da ƙwai: wani lokaci ya kusanto zuwa kilomita 363,000 ya ƙara sauri, wani lokaci ya nisanta zuwa 405,000 ya rage, shi ya sa jinjiri biyu masu awoyi ɗaya da haihuwa sukan bambanta a kauri da tsawon zama bayan magariba.